Ƙwan Fitilar Ƴan Tsakin Ciɗo

A bakin garin Tawa, can inda gidaje suke ƙarewa a fara ganin gonaki, akwai wata yarinya mai suna Raƙiya. Shekararta goma sha ɗaya, tana aji biyar. Yarinya ce mai kaifin kai, ga karatu, ga baki. Aibinta ɗaya ne. Idan ta san rabin abu, sai ta ɗauka ta san shi duka.

Gidansu ne na ƙarshe a kan wayar lantarki ta unguwar. Da rana wuta takan zo da ƙarfinta. Amma da magariba ta yi, kowa a gari ya kunna fitila da talabijin, sai ta iso gidansu a gajiye, kamar wanda ya wuni a gona.

A babban ɗakin gidan akwai doguwar fitila fara, wadda ake ce wa niyon. Wannan fitila ƴar rainin wayo ce. Idan an kunna ta tun da sauran rana, sai ta kama, ta yi ta haske har lokacin barci. Idan kuwa aka bari magariba ta yi, ko wane ne ya kunna ta ba za ta kama ba. Sai dai ta yi ta ƙyafta ido tana kukan sauro.

Saboda haka mahaifin Raƙiya, Malam Ma'azu ɗan kabu-kabu, ya kafa doka. Da an yi la'asar, inuwar katanga ta kai bakin randa, Raƙiya ta je ta danna makunni. Aikinta ke nan kullum.

A ƙaramin ɗakin da Raƙiya take kwana kuwa, akwai wani farin ƙwan fitila mai murɗe-murɗe, irin wanda ba ya cin wuta. Yaran gidan suna kiransa taliya, don kamanninsa. Shi ma ba a raba shi da nasa halin. Idan wuta ta yi rauni, sai ya dushe, ya yi ta kyarma. Ga shi da saurin mutuwa. A bayan ƙofa akwai kwando guda da matattun ƴan uwansa.

Duk lokacin da Baba ya sayo sabo, sai ya ɗaga kwalin ya yi dariya.

“Ku ji wai shekara takwas shika yi,” in ji shi. “Shekara takwas cikin kwali, wata biyu gidan Ma'azu!”

Raƙiya tana da ƙane ɗan shekara shida, ana kiransa Ciɗo. Ranar da aka sa shi makaranta, kakarsu ta Bambeye ta ba shi kaza ja.

Kaka ta ce masa, “Ka riƙe ta da kyau. Kaza ka zama akuya, akuya ka zama saniya.”

Tun daga ranar Ciɗo ya zama attajiri. Saniyar da bai gani ba har ya raɗa mata suna. Kazar ta yi ƙwai, ta kwanta, ta ƙyanƙyashe tsaki tara. Murna wajen Ciɗo ba a magana. Kowane tsako sai da ya samu suna. Akwai Sarkin Ci, akwai Ɗan Baƙi, akwai Kabu-kabu wanda ba ya zama wuri ɗaya. Ƙaraminsu duka, wanda ya fito daga baya, shi ne Auta.

Kwana uku da ƙyanƙyasa, muzuru ya hauro katanga ya tafi da jar kaza. Ciɗo ya yi kuka har muryarsa ta dishe. Lokacin kuwa tsakiyar ɗari ne, sanyin da ke sa mutum ya yi ta jan ƙafa kafin ya taɓa ruwan alwala.

Baba ya shiga ɗakin ajiya, ya zazzage wani tsohon akwati. Daga can ƙasa ya zaro wani tsohon ƙwan fitila, zagayayye, irin na da. Ya sami babban kwali, ya shimfiɗa ɓuntun gero a ciki. Ya jawo waya ya rataye ƙwan a tsakiyar kwalin, ya kunna. Wani haske ja-ja ya cika kwalin. Nan da nan ƴan tsaki suka taru a ƙarƙashinsa, suka yi shiru.

“Wanga ampul shi kaɗai ya rage muna,” in ji Baba. “Yanzu ko kasuwa da wuya a samu irinai. Kar wanda yat taɓa shi. Kun jiya?”

“Mun jiya, Baba.”

Ya hau babur ɗinsa ya koma aiki. Da ya fita, Raƙiya ta tambayi ƙanenta.

“Wai don mi ake kunna ma kaji fitila?”

“Don kar su ji tsoron duhu mana,” in ji Ciɗo. Shi kansa da duhu ba sa ga maciji.

Raƙiya ta yi dariya. Amsar ta yi mata daidai, ba ta sake tambayar kowa ba.

A makon nan ne malaminsu, Mushe Alhusaini, ya yi musu darasi a kan wutar lantarki. Ya zana ƙwan fitila iri biyu a allo.

“Wanga tsohon yayi ne,” in ji shi. “Shina cin kuran, wato wutar lantarki, da yawa. Galibin abin da yac ci ma ba haske shika zama ba, zahi ne kawai. Wanga sabon kuwa kaɗan shika ci, kuma ba shi zahi.”

Raƙiya ta rubuta komai a littafinta. Har ta ja layi biyu a ƙarƙashin kalmar ɓarna.

Ranar Laraba da la'asar, Inna ta yafa mayafi za ta barkar haihuwa a wata unguwa mai nisa. Ta ce da Ciɗo za ta tafi. Ciɗo ya leƙa kwalinsa sau uku kafin ya yarda ya sa takalmi.

“Yaya, ki duba mini su,” in ji shi. “Auta ba shi son a ture shi wurin cin tsakin gero.”

“To, maigida. Allah shi kiyaye dukiya.”

“Ke kuma kar ki mance da niyon,” in ji Inna. “Gobe kuna da jarrabawa.”

“Ba ni mancewa, Inna.”

Ba su daɗe da fita ba sai ga Shamsiya, ƙawar Raƙiya, da ƴan duwatsunta a hannu. Suka zauna a ƙofar gida suka fara carafke. Ranar kuwa hannun Raƙiya ya faɗa. Ta ci na fari, ta ci na biyu. Shamsiya ta ce a sake, aka sake, ta kuma ci.

Inuwar katanga ta kai bakin randa. Ta wuce randa, ta hau turmi, ta rufe tsakar gida duka. Raƙiya tana can tana cafe duwatsu.

Kiran sallar magariba ne ya farkar da ita.

“Wayyo, niyon!”

Ta watsar da duwatsu ta ruga ciki. Ta danna makunni. Doguwar fitila ta yi ƙyal, ta mutu. Ta yi ƙyal-ƙyal, ta sake mutuwa. Bakinta biyu suka yi ja, tsakiya kuwa duhu.

Raƙiya ta kashe ta kunna. Ta kashe ta ƙirga goma ta kunna. Ta roƙe ta, ta zage ta. Har ta ɗauko tsintsiya za ta ɗan zungure ta, sai ta tuna Baba ya ce farin garin da ke cikinta guba ne idan ta fashe. Ta ajiye tsintsiyar.

Bayan ta yi salla, ta ɗauki littafinta ta shiga ƙaramin ɗaki. Ta kunna taliya. Shi ma ya yi abin da ya saba. Haskensa bai fi na ƙyallen wuta a murhu ba, ga kyarma. Ta kai littafin har kusa da hancinta, amma lambobin sai rawa suke yi. Ga lissafin rabawa za a yi gobe, ga shi bai zauna mata ba. Hawaye suka cika mata ido. Ita da ba ta taɓa wuce ta uku a aji ba!

Ta fito tsakar gida tana tsaki. Sai ta hango wani haske yana fitowa ta ƙarƙashin ƙofar ɗakin ajiya. Ta tura ƙofar ta leƙa kwalin. Tsohon ƙwan nan yana nan yana ci abinsa. Ya ɗan rage ƙarfi, amma ba ƙyaftawa, ba kyarma. Ƴan tsaki tara sun kwanta a ƙarƙashinsa sun miƙe ƙafafu, suna barcin jin daɗi.

Raƙiya ta tsaya tana kallonsu. Sai wata dabara ta faɗo mata.

“Kaji dai ba su da jarrabawa,” ta ce a ranta. “Ɗan haske kawai suke so don kar su ji tsoro. Taliya ma ya ishe su.”

Ta tuna Baba ya ce kar a taɓa. Amma ta ce ai ba fasawa za ta yi ba, musanya ce kawai. Ta kuma tuna darasin Mushe Alhusaini. Tsohon ƙwai ɓarna yake yi, ga shi yana kwana a kunne saboda kaji. Idan ta sa musu taliya, ai ta ma taimaki Baba ke nan. Da ta kawo nan a tunaninta, har wani daɗi ta ji, kamar ta yi abin kirki.

Ta zare wayar daga bango. Ta kai hannu ga ƙwan, ta janye da sauri.

“Wash! Shi ya sa Mushe ya ce ɓarna kake yi.”

Ta hura yatsunta, ta cire ɗankwali ta naɗe hannu, ta kwance shi. Ta ɗauko taliya ta ɗaura a gurbinsa, ta mayar da waya. Wani farin haske mai kyarma ya sauka a kwalin. Ƴan tsaki suka farka suna ciyo-ciyo.

“Ku yi haƙuri, ga sabuwar fitila na kawo muku,” in ji ta. Ta ja musu ƙofa.

Ta ɗaura tsohon ƙwan a ɗakinta. Lambobi suka fito sarai. Ta yi lissafinta har ta gamsu, ta kashe fitila ta ja bargo. Ko da Inna ta dawo bayan isha, da Ciɗo yana barci a kafaɗarta, sai ta tarar da niyon yana ƙyafce-ƙyafce. Ta girgiza kai ta kashe shi, ta ce da safe a yi magana.

Da asuba ihun Ciɗo ya tashi gidan.

“Inna! Baba! Sun mutu! Dukansu sun mutu!”

Raƙiya ta diro daga gado, sanyi ya doki ƙafarta. Ta tarar da kowa a ɗakin ajiya. Baba ya haska kwalin da fitilar wayarsa. Taliya ya daɗe da mutuwa, gindinsa ya yi baƙi. Ƴan tsaki sun cure a kusurwa ɗaya, wani a kan wani. Fikafikansu sun zube, idanunsu a rufe. Auta kuwa yana gefe shi kaɗai, ya kife, ƙafafunsa a sandare.

Inna ta sa hannu ta taɓa su.

“Da sauran rai,” in ji ta. “Amma sun yi sanyi ƙalau. Malam, ɗari ne yak kama su.”

Baba ya kama taliya ya juya shi. Fuskarsa ta canja.

“Wa yas sa wanga nan? Ina ampul ɗin da na ɗaura?”



“Ba don haske na sa shi ba!” in ji Baba. “Don ɗumi na sa shi. Shi ne uwarsu yanzu. Wanga hwarin ko ɗumin miyau bai da shi.”

Maganar ta faɗa wa Raƙiya a ƙirji. Ta dubi yatsunta biyu, inda ƙwan ya ƙone ta jiya. Ashe zafin nan da ta raina shi ne abin da ke riƙe da ransu. Ita da hannunta ta cire musu uwa ta biyu, ta ja ƙofa, ta tafi ta shige bargo.

Baba ya juya wajen Ciɗo.

“Kai ka cika wasa da kwalin ga. Kai ne ko? Ka hwasa shi ka ɓoye?”

“Wallahi ba ni ba ne, Baba!” Ciɗo ya ƙara fashewa da kuka.

Raƙiya tana tsaye a bakin ƙofa. Ba wanda ya dube ta. Idan ta yi shiru, wataƙila ta lallaɓa ta ɓoye ƙwan kafin a gani. Amma ƙwan nan shi ake nema yanzu-yanzu, kuma ita kaɗai ta san inda yake. Inna ta riga ta fita tana neman gawayi, ga shi kafin ya kama sai an jima. Raƙiya ta dubi ƙanenta, ta dubi Auta.

“Baba, ni ce,” in ji ta. “Ni na ɗauke shi. Shina ɗakina, bai hwashe ba.”

Baba ya dube ta, kallon da bai taɓa yi mata ba. Amma bai tsaya faɗa ba. Ya wuce da sauri ya kwanto ƙwan, ya ɗaura shi a kwalin. Da yake safiya ce, wuta tana da ƙarfinta. Ƙwan ya kama tangaran. Baba ya rufe rabin kwalin da tsohon bargo. Inna ta jera ƴan tsakin a ƙarƙashin hasken ɗaya bayan ɗaya.

Suka durƙusa su huɗu suna jira.

Can sai Kabu-kabu ya motsa kai. Ya buɗe ido ɗaya. Ya yunƙura ya faɗi, ya sake yunƙurawa ya tsaya. Sai Ɗan Baƙi ya biyo shi. Inna ta jiƙa ɗan sukari a ruwan ɗumi, tana tsoma musu baki. Kafin rana ta fito, takwas sun miƙe. Sarkin Ci har ya fara neman abin da ya fi iyawa.

Auta ne kawai bai motsa ba.

“Bari mu yi mai irin ta mutanen da,” in ji Inna.

Ta ɗauko ƙwarya ta kife shi a ciki. Ta shiga kaɗa bayan ƙwaryar da yatsu, kaf-kaf-kaf. Haka ake yi wa tsakon da ya suma a Bambeye, wai ƙarar takan tashe shi. Ta ɗaga ƙwaryar. Auta yana nan yadda yake. Ta sake kifewa ta kaɗa, ta ɗaga. Shiru.

Inna ta sauke numfashi.

“Ciɗo, ka yi haƙuri. Takwas ma Allah ya ba ka.”

Ciɗo ya juya wa yayarsa baya. Wannan ya fi wa Raƙiya ciwo fiye da a ce dukanta aka yi.

“Inna, ba ni shi,” in ji ta.

Ta ɗauki Auta a tafin hannu. Ba shi da nauyi ko kaɗan, ga sanyi kamar dutsen carafke. Ta hura masa iskar bakinta a hankali. Sai ta zura shi cikin rigarta, ta manna shi a ƙirjinta, ta rufe da hannu biyu. Ta zauna kusa da kwalin ta lulluɓa da bargo.

Rana ta fito. Yaran unguwa suka fara wucewa da jakunkuna. Shamsiya ta leƙo ta ce a zo a tafi.

“Ki tahi, ina nan tahe,” in ji Raƙiya.

“Ke da jarrabawa?” in ji Inna. “Kawo shi nan ki shirya.”

“Don Allah Inna, ki bar ni kaɗan. Ni na ja mai.”

Inna ta dubi Baba. Baba ya gyaɗa kai, ya ce a bar ta.

Raƙiya ta yi ta addu'a a zuci. Hawaye suna zuba, ba ta da hannun sharewa. Ba ta san tsawon lokacin da ta yi a haka ba. Can sai ta ji wani abu ya ɗan yakushe ta. Ta ɗauke numfashi. Aka sake yakushinta. Sai wata ƴar murya siririya ta fito daga cikin rigar.

“Ciyo.”

“Ciɗo! Ciɗo, zo ka ji!”

Ciɗo ya sheƙo ya manna kunnensa a rigar yayarsa. Da ya ji da kunnensa, sai ya daka tsalle, ya zagaye tsakar gida yana ihu da ƙafa ba takalmi. Aka fito da Auta aka tsoma masa baki a ruwan sukari. Ya haɗiya. Aka ajiye shi daidai ƙarƙashin ƙwan, ya tsaya yana tangaɗi.

“Kun gani ko?” in ji Inna. “Ƙwaryata ce tat tashe shi. Jinkiri kawai yay yi.”

Baba ya yi dariyar farko tun asuba. Ya ce shi dai ba zai shiga tsakanin ƙwarya da riga ba.

Sannan ya kira Raƙiya gefe. Ta zo ta durƙusa, kanta a ƙasa.

“Mi ya kai ki?”

Ta faɗa masa komai, tun daga carafke har zuwa darasin Mushe. Ba ta rage ko ɗaya ba.

“Kin ga laihi ɗaya ya haihi na biyu,” in ji Baba. “Kin mance da aikinki, sai kinka nemi gyara da abin da anka hana ki. Kuma kin taɓa wayar kuran ke kaɗai cikin gida. In da ta kama ki hwa?”

“Na tuba, Baba.”

“Ni ma da nawa. Na ce kar a taɓa, ban hwaɗi dalili ba. Amma ke da bakinki kamar rediyo, mi ya hana ki tambaye ni?”

“Na ɗauka na sani.”

“To, ƙaramin sani ƙuƙumi ne, ɗiyata. Abu ɗaya ya cece ki yau. Kin hwaɗi gaskiya lokacin da take da amfani. Da kin bari an jima, da ko ɗaya bai tashi ba.”

Ya yanke mata hukunci. Ita za ta riƙa share kwalin tana canja ruwa safe da yamma, har ƴan tsaki su yi gashi. Carafke kuwa sai bayan nan. Sannan ya ɗauke ta a babur ya kai ta makaranta.

Ko da ta shiga aji, an ci rabin lokacin jarrabawa. Ta yi abin da ta iya, aka karɓe takarda da sauran tambaya biyu ba ta taɓa ba. Da aka tashi, Mushe Alhusaini ya tsayar da ita.

“Raƙiya, ba halinki ba ne makara. Lahiya?”

Ta ba shi labari. Malamin ya shafa haɓa. Washegari ya sake zana ƙwan fitila biyun nan a allo.

“Rannan na ce muku zahin wanga ɓarna ne,” in ji shi. “Cikin ɗakin karatu, gaskiya ne. Amma Raƙiya ta koya mini inda zahin nan shi ne amfaninai. Tashi ki hwaɗa musu.”

Raƙiya ta tashi da kunya ta ba da labarin. Yara suka yi tsit, har aka zo wurin “ciyo”, sai aji ya kaure da tafi.

Da sakamako ya fito, ta zo ta bakwai. Ta ji zafi ƙwarai, amma ba ta ɗora wa kowa laifi ba.

Tun daga ranar, inuwar katanga ba ta sake riga ta zuwa bakin randa ba. Har takan tsaya da yatsa a kan makunni tana jiranta. Baba kuma ya kwashe kwandon matattun fitilu ya kai inda yara ba sa kaiwa.

Bayan mako biyar sanyi ya fara sauƙi. Ƴan tsaki suka yi gashi, suka ƙi zaman kwali. Su tara cif suke bin Ciɗo a tsakar gida. Auta kuwa, ko don ya san rigar da ya farfaɗo a ciki, Raƙiya yake bi duk inda ta sa ƙafa.

Wata ranar Juma'a da yamma, Raƙiya tana zaune da littafi, sai ga Ciɗo ya zo yana riƙe da hularsa da hannu biyu. Ya ajiye mata a cinya. Ta buɗe, sai ga tsohon ƙwan fitila a ciki.

“Baba ya kwance mini shi,” in ji Ciɗo. “Kajina sun girma, sun gama da uwarsu. Na ara miki ki yi karatu. Amma in wata ta yi tsaki, ki maido.”

Raƙiya ta jawo ƙanenta ta rungume shi, har ya fara ƙorafin za ta fasa masa ƙwai.

“Tashi ki ɗaura mana mu gani,” in ji shi.

Raƙiya ta miƙe, ta nufi ɗakinta. Da ta kai bakin ƙofa sai ta tsaya. Ta juyo ta nufi inda Baba yake wanke babur.

“Baba, in ka gama, ka zo ka ɗaura mini wanga. Kuma ina da tambaya. Don mi shi ba shi ƙyafta ido kamar niyon?”

Baba ya ajiye tsumma yana murmushi.

“Yawwa. Ɗauko kujera ki zamna. Ciɗo, kai ma taho.”

Yara, ku riƙe abin da Raƙiya ta koya. Idan kun ga babba ya ajiye abu a wani wuri, akwai dalili, ko da ba ku gan shi ba. Kada ku canja abin da ba ku san aikinsa ba, ku fara tambaya tukuna, don matambayi ba ya ɓata. Idan kuma kun riga kun yi kuskure, ku faɗi gaskiya da wuri, tun ana iya gyarawa.